Daga Damin Zakka Zuwa Bitcoin: Hanyar da Sadaka Ke Bi a Ƙasar Zazzau

Layin dogon da ya tashi daga Zariya zuwa Kano yana ratsa Likoro a ƙasar Kudan, ya bi ta Gimi a ƙasar Makarfi, ya wuce Auchan a ƙasar Ikara, kafin ya faɗa ƙasar Kano. A 1911 aka kai shi Kano. Abin da aka fi tunawa da shi shi ne kayan da ya kwasa zuwa bakin teku, gyaɗa da auduga da fatu. Amma jirgin bai dawo wayam ba: ya zo da sule da sisi da kwabo, kuma wannan sabon kuɗi ya sauya hanyar da taimako ke bi daga mai hali zuwa marar hali. Bayan shekara ɗari da 'yan kai, ga wani sabon kuɗin, wanda ake kira kirifto, yana yi wa gidauniyoyi da kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin tallafa wa marayu alkawarin cewa gudummawa za ta taso daga Landan ko Dubai ta iso ƙauye cikin 'yan mintoci, babu banki, babu ɗan tsakiya, kuma kowa zai iya ganin inda ta bi. Wannan yanki ya taɓa ganin sauyin kuɗi har sau uku, don haka yana da ma'aunin da zai auna alkawarin da shi.

A ƙarni na 19, ƙarƙashin Daular Usmaniyya, babbar zakkar talakan Zazzau hatsi ce. Idan kaka ta yi, aka girbe dawa da gero, manomin da amfaninsa ya kai nisabi yakan fitar da dami ɗaya cikin goma. Mai gari ko wakilinsa ne ke tarawa, a zuba a rumbu. A bisa shari'a, haƙƙin matalauta ne da mabuƙata da sauran waɗanda aka ambata; a aikace kuwa, masana tarihi sun nuna cewa kaso mai yawa yakan haura zuwa ga hakimai da fada, har zakka ta ɗauki kamannin haraji. Duk da haka dami yana da wata siffa da ta tsare shi. Nauyi ne da shi, ba ya tafiya da nisa sai da jakuna da 'yan dako, kuma kowa a gari ya san rumbun da aka zuba shi. Bazawarar da hatsinta ya ƙare a tsakiyar damina tana iya nuna rumbun da yatsa.

Kuɗin wancan zamani wuri ne. Kalmar "kuɗi" kanta jam'in "wuri" ce tun asali, abin da yawancin masu riƙe da naira a yau ba su lura da shi ba. Daga tsibiran Maldibs na Tekun Indiya ake samo shi, ya biyo jiragen ruwa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, fatake su hauro da shi. Wato dai Bahaushe ya shafe fiye da ƙarni guda yana ciniki da kuɗin da babu sarkin da ya buga shi, babu hukumar da ta tsaya masa, darajarsa kawai ita ce mutane sun yarda su karɓa. Masu kirifto suna son irin wannan misali, kuma suna da gaskiya gwargwado. Sai dai ƙarshen labarin bai yi musu daɗi ba. Daga tsakiyar ƙarni na 19, 'yan kasuwar Jamus suka fara shigo da wani nau'in wuri mai araha daga Zanzibar, aka cika kasuwa da shi. Lokacin da Heinrich Barth ya isa Kano a 1851, wuri 2,500 ne ke canza dalar azurfa guda. Kafin ƙarshen ƙarnin sai da ninkin haka. Keso guda, wato wuri 20,000, kayan mutum ɗaya ne, kuma idan tafiya ta yi nisa ladan ɗan dako yakan cinye kayan da ya ɗauko. Wanda ya aika wa wani malami sadakar wuri daga wani gari mai nisa, ya san cewa abin da zai isa bai kai abin da ya tashi ba.

Turawa sun kafa sansani a Zariya a 1902, a 1903 suka tuɓe Sarki Kwasau suka naɗa Aliyu ɗan Sidi. A 1904 aka hana shigo da wuri. Sannu a hankali aka haɗe zakkar hatsi da kuɗin garma da sauran kuɗaɗen gargajiya, aka mayar da su haraji guda, kuma aka nace cewa da kuɗin Bature za a biya. Rabin kwabo ya sami suna "ɗari" saboda wuri ɗari ake ba da shi. Kuɗin ya riƙa shiga baitulmalin En'e, ana rubuta shi a littafi, ana biyan albashin sarki da hakimai da alƙalai da dogarai daga ciki. Ta fuskar lissafi wannan ci gaba ne, domin a karon farko akwai adadi a rubuce. Ta fuskar bazawarar nan kuwa, rumbun ya ɓace, kuma littafin da ya maye gurbinsa yana Zariya, cikin rubutun da ba ta iya karantawa. Michael Watts, a littafinsa na 1983 kan yunwa a Arewacin Nijeriya, ya kafa hujja cewa tilasta biyan haraji da tsabar kuɗi ya raunana garkuwar da talakawa ke da ita a shekarun fari, abin da ya fito fili a babbar yunwar 1913 zuwa 1914. Zakka ta addini ba ta mutu ba. Ta koma tsakanin mutum da Ubangijinsa, yana bai wa malaminsa da danginsa da maƙwabtansa, babu hukuma a tsakani. Haka aka zauna har bayan 1999, lokacin da jihohi irin su Zamfara da Kano da Sakkwato suka kafa hukumomin zakka da waƙafi.

Takardar kuɗi ta zo da nata ruɗanin, kuma wannan ya shafi ƙasar Makarfi fiye da wurare da yawa. A mazhabar Malikiyya babu zakka a kan rake ko tumatir ko albasa; littafin Risala da ɗalibai ke karantawa a zaure ya cire kayan marmari da na lambu daga abin da ake fitar wa ushuri. Saboda haka manomin rake na Makarfi, da mai tumatir na Ikara, da mai dankali na Kudan, zakkarsu tana rataye ne a kan kuɗin da suka samu, idan ya kai nisabi kuma shekara ta zagayo yana hannu. To, shin takarda kuɗi ce? Shehu Muhammad Alish, babban malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a 1882, ya yi fatawar cewa babu zakka a kan ita kanta takardar, tunda ba zinariya ba ce, ba azurfa ba ce. Hukumar kuɗin Afirka ta Yamma ta fara fitar da takardu a 1916, naira ta zo a 1973, amma sai a 1986 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zartar a birnin Amman cewa takardun kuɗi suna ɗaukar hukuncin zinariya da azurfa a zakka da riba. Mutane sun daɗe da yin aiki da hakan kafin majalisar ta zauna. Duk mai ƙorafin cewa malamai sun yi jinkiri a kan kirifto, wanda bai kai shekara ashirin a duniya ba, ya dubi tsawon wannan muhawara.

Bitcoin ya fara aiki a watan Janairun 2009. Asalinsa kundi ne na lissafi da ke ajiye a dubban kwamfutoci a lokaci guda, inda ake rubuta cewa lalita kaza ta aika wa lalita kaza adadi kaza, kuma babu mai iya goge abin da aka rubuta. Wanda ke riƙe da mabuɗin sirri na lalita shi ne mai abin da ke cikinta. Gudummawar kirifto ta farko da ta yi suna ta faru ne saboda an toshe hanya. A ƙarshen 2010 kamfanonin Visa da Mastercard da PayPal suka daina kai wa shafin WikiLeaks kuɗin magoya bayansa, a 2011 shafin ya buɗe lalitar Bitcoin. Daga baya manyan masu kyauta suka shigo da wani dalili daban. Tun 2014 hukumar harajin Amurka ta ɗauki kirifto a matsayin kadara, don haka wanda ya sayi Bitcoin da araha ya tashi, idan ya sayar zai biya harajin riba, idan ya miƙa shi kai tsaye ga gidauniya mai rajista kuwa ya tsira daga harajin, har a rage masa wani. Wannan ne sirrin yawan irin wannan kyauta a Amurka, kuma dalili ne da bai shafi ɗan kasuwar Hunkuyi ba ko kaɗan. A ƙarshen 2017 wani da bai bayyana sunansa ba ya kafa asusun Pineapple Fund, ya raba Bitcoin sama da 5,000, kimanin dala miliyan 55, ga ƙungiyoyi 60. A 2019 asusun UNICEF ya fara karɓar kirifto. A watan Mayun 2021 Vitalik Buterin, ɗaya daga waɗanda suka ƙirƙiro Ethereum, ya bai wa wani asusun yaƙi da korona a Indiya sulallan Shiba Inu da a takarda suka kai dala biliyan ɗaya. Labarin na fita farashin ya rikito, abin da aka iya mayarwa dala ya gaza wannan adadi nesa ba kusa ba.

Jihar Kaduna ta sami rabonta, sai dai can a kudancinta. Kamfanin Paxful, wanda a lokacin Nijeriya ke cikin manyan kasuwanninsa, ya fara wani shiri a 2017 mai suna Built With Bitcoin tare da ƙungiyar Zam Zam Water, da burin gina makarantu ɗari da gudummawar kirifto. Sun fara a Ruwanda, suka je Kenya, a 2020 kuma aka sanar da makarantar ƙananan yara a Ankara Nandu da ke ƙaramar hukumar Sanga. Aiki ne na alheri, kuma yara sun amfana. Amma sunan shirin yana ɓoye rabin labarin, domin bulo da siminti da kwano da ladan magina a kasuwar Nijeriya da naira ake biyansu. Bitcoin ya ɗauko kuɗin ya tsallake teku da shi. Daga nan zuwa aza harsashi, sai da aka sami mutum mai suna da fuska wanda ya canza, ya saya, ya tsaya a kan aiki.

Gwajin da ya fi kowanne girma ya zo a watan Oktoban 2020, lokacin zanga-zangar neman rusa rundunar SARS. Ƙungiyar mata ta Feminist Coalition ta riƙa tara gudummawa don abinci da ruwa da kuɗin asibiti da na lauyoyi. Cikin 'yan kwanaki hanyar karɓar kuɗi ta Flutterwave da asusun bankinsu suka daina aiki, sai suka koma Bitcoin. A ranar 14 ga watan, Jack Dorsey, shugaban Twitter na lokacin, ya yi kira ga mabiyansa su ba da gudummawa ta wannan hanya. Kafin ƙungiyar ta rufe karɓa a ranar 22 ga wata, ta tara kimanin naira miliyan 147, kaso mai tsoka daga ciki da Bitcoin. A farkon Nuwamba Babban Bankin Nijeriya ya samo umarnin kotu na rufe asusu 20 na waɗanda ake dangantawa da zanga-zangar. Lalitar Bitcoin kuwa babu kotun da ke iya rufe ta. A Arewa zanga-zangar ba ta sami irin karɓuwar da ta samu a Legas ba, domin abin da ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya shi ne 'yan bindiga, amma darasin fasahar ya isa ko'ina.

Akwai kashi na biyu na darasin da ba a cika ambata ba. A watan Oktoban Bitcoin guda yana wajen dala 11,000 zuwa 13,000. Zuwa Maris na 2021 ya kusa dala 60,000. Nan take tambayoyi suka taso a kafafen sada zumunta: yaushe aka canza sulallan, a kan wane farashi, wa ya canza? Ƙungiyar ta fitar da bayanin lissafinta, masu tuhuma suka tsaya a kan bakansu, kuma kowane ɓangare yana nuna kundi ɗaya a matsayin hujja. Kundin yana nuna ranar da sulalla suka bar lalita da lambar lalitar da suka shiga. Ba ya nuna hannun wa ke riƙe da lalita ta biyu, balle abin da aka saya da nairar. Gaskiyar da masu tallar kirifto ke kira bayyananniya tana ƙarewa daidai inda sadaka ke farawa.

Gwamnati ta yi ta kai-komo. A ranar 5 ga Fabrairun 2021 Babban Banki ya umarci bankuna su rufe asusun masu hada-hadar kirifto, a watan Oktoba ya ƙaddamar da eNaira, wadda mutane ba su rungume ta ba. Haramcin bai kashe cinikin ba, ya dai mayar da shi hannu da hannu tsakanin mai saye da mai sayarwa. A watan Disambar 2023 aka janye umarnin, bayan wata biyu aka tsare jami'an Binance biyu a Abuja, a watan Maris na 2025 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar zuba jari da ta sanya kadarorin kirifto ƙarƙashin hukumar SEC. Kamfanin bincike na Chainalysis ya sa Nijeriya ta biyu a duniya wajen rungumar kirifto a 2023 da 2024. Samarin Arewa da yawa sun shiga ne ta ƙofar "mainin" a waya, irin su Pi da Hamster Kombat, wasu kuma ta ƙofar da ta rufe da su, kamar CBEX da ya durƙushe a Afrilun 2025 ya tafi da dukiyar jama'a, kamar yadda MMM ya yi a ƙarshen 2016.

Malamai ma ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. A farkon 2018 Muftin Masar na lokacin, Shawki Allam, ya haramta cinikin Bitcoin saboda garari da kama da caca. A azumin wannan shekarar kuma Masallacin Ramadan da ke unguwar Hackney a Landan ya fara karɓar zakka da sadaka da Bitcoin da Ethereum, yana canza su zuwa fam. Waɗanda suka halatta riƙe shi sun ce duk wanda abin da ke lalitarsa ya kai darajar giram 85 na zinariya, shekara ta zagayo, sai ya fitar da ɗaya cikin arba'in. Malikiyya tana da wani hukunci da ya fi wannan taɓa batun: ana raba zakka ne a inda ta wajaba, ba a ɗauke ta zuwa nisan da ake ƙasaru sai idan mutanen can sun fi buƙata. Hukunci ne da ya yi daidai da zamanin dami da rumbu, kuma hikimarsa ita ce mai bayarwa ya san mai karɓa. Ɗan Makarfi da ke aiki a Jidda ko Manchesta yana da hujjar aiko da zakkarsa gida, tunda buƙata ta fi tsanani a nan. Amma saurin aiken bai sauke masa nauyin tabbatar da cewa ta shiga hannun mai haƙƙi ba.

A ɗauka wani kwamitin marayu a Ikara ya buɗe lalita. Abu na farko da zai fuskanta shi ne mabuɗi. Asusun ƙungiya a banki yakan buƙaci sa hannun mutum biyu ko uku, shugaba da ma'aji da sakatare. Lalitar kirifto ta yau da kullum kalmomi goma sha biyu ne ko ashirin da huɗu, wanda ya san su ya mallaki komai, idan ya rasu ko ya ɓatar da su dukiyar marayu ta tafi ke nan, babu manajan da za a kai wa takardar kotu. Akwai lalita mai mabuɗi da yawa wadda ba ta buɗuwa sai biyu cikin uku sun yarda, kuma duk kwamitin da ya karɓi amana ba tare da irinta ba ya yi ganganci. Sai kuma farashi. Bitcoin ya kai wajen dala 69,000 a Nuwamban 2021, ya faɗo wajen 16,000 bayan shekara guda. Kwamitin da ya riƙe sulalla yana jiran su tashi, caca yake yi da kuɗin makarantar yara. Shi ya sa masu aiko da kuɗi suka fi son USDT, wanda aka ɗaure darajarsa da dala, duk da cewa shi kamfani ne ke fitar da shi, kuma kamfanin yana iya daskarar da lalita idan hukuma ta nema. Ga kuma doka. Ɓoye sadaka abin yabo ne a addini, amma a jihar da aka sha biyan kuɗin fansa, kuɗin da ya shigo asusun ƙungiya ba a san mai shi ba yana iya jawo mata tambayoyin EFCC ƙarƙashin dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022.

Sauyin da ya taɓa aljihun mutanen Likoro da Gimi da Auchan a 'yan shekarun nan bai zo ta kirifto ba. A watan Oktoban 2022 Babban Banki ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuma daga Janairu zuwa Maris na 2023 tsabar kuɗi ta ɓace daga kasuwannin karkara, a daidai lokacin da tumatirin rani ke nuna, shi kuwa ba ya jiran mai saye. Jihar Kaduna tare da Kogi da Zamfara ta kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardu su ci gaba da aiki. A cikin waɗannan makonni ne dillalai da 'yan kiri da yawa suka buɗe asusun OPay da Moniepoint bisa tilas, masallatai suka ƙara manna lambar asusu kusa da akwatin taimako. Wannan hanya ma tana da raunin ta: a ƙarshen 2021, lokacin da aka katse layukan waya a wasu sassan jihar saboda tsaro, kuɗin da ke cikin waya ya zama kamar babu. Gudummawar da ta taso daga waje a yau, ko ta banki ko ta lalitar kirifto, tana ƙarewa ne a asusun naira na wani ɗan gari, daga nan zuwa teburin mai POS a bakin kasuwa, wanda zai cire ladansa kafin ya ƙirga takardu, sannan a nufi rumfar mai hatsi a tambayi farashin tiyar masara.